Kurajen Fuska da Maganin Kemis: Falalar Haƙuri, Illar Gaggawa

Daga cikin lalurorin da ke zuwa tare da balaga, da wuya a sami wadda ta kai kurajen fuska tayar wa samari da 'yan mata hankali, domin fuska ba ta ɓoyuwa. Sababinsu, bisa tabbacin masana ilimin fata, shi ne maiƙon jiki yakan yawaita a wannan zamani na rayuwa, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su sami mafaka a ciki, har wurin ya kumbura ya tara mugunya. Ba ƙazanta ba ce, saboda haka dirzar fuska da soso babu abin da take ƙarawa illa tsanani.

Mujarraban magunguna da ake saye ba da takardar likita ba, mashahuransu uku ne: benzoyil feroksaid mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari yakan wadatar, alhali bai kai na kashi 10 busar da fata ba. Da salisilik asid mai buɗe ƙofofin da suka toshe. Da adafalin, wanda Amurka ta halatta sayar da shi haka a 2016, sai dai wajibi ne mai juna biyu ta nisance shi. Sharaɗinsu ɗaya ne, wato a shafa kaɗan, a dawwama a kai mako 6 zuwa 8 kafin a yanke hukunci.

A nan ne fa akasari ake zamewa, domin wanda haƙurinsa ya ƙare yakan nufi kemis ya ce a ba shi mai aiki nan take, a miƙo masa man shafawa mai sinadarin sitiroyid, irin su kulobetasol, wanda ke kwantar da kumburi cikin kwanaki, daga bisani ya sirantar da fata, ya dawo da kurajen fiye da na farko. Haka man bilicin da ake nema don goge tabo, wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana yaɗuwarsa a matsayin lamarin gaggawa a 2023.

Jiki amana ne a hannun mai shi. Saboda haka a karanta abin da ke rubuce a jikin kwali, a daina matse ƙurji, domin matsa ke haifar da baƙin tabo. Idan kuwa kurajen manya ne masu zurfi da zafi, ko wata uku ya shuɗe babu sauƙi, to, lamarin ya wuce mai kemis, sai likitan fata.