Haɗa Hotuna Su Zama Ɗaya: Yadda Ake Girka Manhajar Enblend da Rubutaccen Umarni

A shekarar 2010 ne duniya ta ji sunan ƙauyen Yargalma da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum, da na Dareta da ke ƙasar Anka, sa'ad da likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a can. Mutane suna daka duwatsun zinariya a cikin gidajensu, ƙurar mai ɗauke da dalma tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Maganin da aka yi wa ƙasar shi ne a kankare ta sama a kai ta wani rami a binne, a zuba sabuwa. Bagega kuwa sai a 2013 aikin ya isa gare ta.

Irin wannan aiki yana bukatar shaida ta hoto, wato yadda gida yake kafin a taɓa shi da kuma bayan an gama. To amma tsakar gidan Bahaushe, da zaurensa da rumbunansa da turken dabbobi, ba ta shiga hoto guda. Dole mai ɗauka ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa, ya ɗauki hotuna biyar ko shida, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi. In aka jera su sai a ga layi a mahaɗarsu, wannan gefe da haske, wancan da duhu.

Manhajar Enblend aikinta ke nan, share wannan layi. Dabarar da take bi ta fito ne daga wani bincike da Peter Burt da Edward Adelson suka buga a 1983. Takan rarraba kowane hoto hawa-hawa: manyan abubuwa kamar hasken sama da launin ƙasa ana gauraya su a hankali a faɗin wuri, ƙananan abubuwa kuwa kamar tsagar bango ana haɗa su a ɗan siririn wuri don kada su dusashe. Kamar dai gwanin magini ne da ke lailaye sabon yaɓe har ya saje da tsohon. Sai dai Enblend ba ta daidaita hotuna da kanta. Wannan aikin manhajar Hugin ne, shi ya sa ake girka su tare.

A kwamfutar da ke aiki da Debian ko Ubuntu ba sai an bi shafukan intanet ana neman manhaja ba. Akwai mai kula da manhajoji da ake kira APT, wanda ke ɗebo su daga rumbun da aka tanada, ya duba hatiminsu don tabbatar da ba a sauya su a hanya ba, ya kuma jawo duk wasu ƙananan manhajoji da suka dogara da su. Mai aiki zai buɗe tagar umarni ya rubuta sudo apt-get update, domin na'ura ta san abin da ke rumbun a yanzu. Daga nan sai ya rubuta sudo apt-get install hugin enblend enfuse, ya ba da kalmar sirrinsa. Na'urar za ta faɗi yawan abin da za ta saukar kafin ta fara, kuma ya kamata a karanta wannan adadi, ganin yadda kuɗin data yake. Da an kammala, umarnin enblend --version zai nuna ko ta zauna daidai.

Ga wanda zai yi aiki inda layin sadarwa ba shi da ƙarfi, akwai wata hikima. Abin da apt-get ya saukar yana nan ajiye a /var/cache/apt/archives, ana iya kwashe shi a filashi a Gusau ko Sakkwato a kai wa wata na'ura, muddin irin tsarinsu ɗaya ne.

Akwai abu guda da mai amfani da ita zai kiyaye. Enblend takan zaɓi mahaɗa ne a inda hotuna biyu suka fi kama da juna, don haka turmin da aka gusar tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu, ko yaron da ya gifta, yana iya ɓacewa ɗungurungum ba tare da an lura ba. Saboda haka hotunan asali a adana su tare da kwanan watan da aka ɗauke su, kada a goge. Kuma ita dalma ba ta fitowa a hoto ko kaɗan: ƙasa mai guba da mai tsabta kamarsu ɗaya a ido. A Yargalma da Dareta da na'urar awo ta hannu mai suna XRF aka riƙa auna ƙasar gida-gida, hoto kuwa abin da zai iya yi shi ne ya nuna daidai wurin da aka ɗora na'urar.