Hayaƙin murhu da ƙurar hunturu: tsabtace iskar ɗaki a karkarar Tchaké

A karkarar Tchaké, cikin gundumar Mayahi ta jahar Maraɗi, da ma ƙauyukan Tasawa da ke maƙwabtaka da ita, abu biyu ne ke gurɓata iskar da iyali ke shaƙa a gida. Na farko shi ne ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris. Na biyu, wanda ya fi haɗari domin kullum ne, shi ne hayaƙin itace da karan hatsi da kandilo a murhun duwatsu uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200, cikinsu har da yara fiye da dubu 237 da ba su kai shekara 5 ba. Hayaƙi na ɗauke da ƙwayoyin da suka fi silin gashi ƙanƙanta wajen sau 30. Suna ratsawa har cikin huhu, suna haddasa ciwon huhu ga yara, da daɗaɗɗen tari da ciwon zuciya ga manya. Mata masu girki da goyon da ke bayansu su ne suka fi shaƙa.

A manyan birane ana sayar da na'urar tace iska. Akwati ne mai fanka, wadda ke zuƙo iskar ɗaki ta bi da ita cikin wata matata. Matatar da ake kira HEPA tana kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura. Amfaninta gaskiya ne, musamman a ɗakin majinyata ko ɗakin mai ciwon asma. Sai dai tana bukatar lantarki dare da rana, da ɗaki mai rufuwa, da canjin matata a kai a kai. Kuma ba ta kama gubar da garwashin gawayi ke fitarwa, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma kashe mai barci. Saboda haka, ga manomin da lantarki bai kai gidansa ba, maganin yana bakin murhu.

A yi girki a fili ko ƙarƙashin rumfa. Idan damina ta tilasta shiga ɗaki, a huda taga sama da murhu, a bar ƙofa a buɗe. A shanya itace ya bushe sarai, a nisanta yara daga wuta. Kada a kwana da kaskon garwashi cikin rufaffen ɗaki, komai tsananin ɗari. A yayyafa ruwa kafin shara. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi ta kananzir.

Tun shekarun 1980 aka yaɗa ingantattun murahu a Nijar, irin su Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka. Suna rage cin itace, amma ba su kawar da hayaƙi ɗungum. Gas ne ya fi tsabta, kuma matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, tana samar da shi. Abin da ya rage shi ne ya isa kasuwannin ƙauye a farashin da talaka zai iya.

Wannan aiki na magabata ne. Ya kamata hukumomin gunduma, da ma'aikatan lafiya, da masu gari, su sanya batun hayaƙi cikin tarurrukan faɗakarwa. Ku kuma da kuka fita daga duhun jahilci, ku karanta wa matan gidajenku wannan bayani. Rigakafi ya fi magani.