Yadda Ake Shirya Gidan Wayar Imel Domin Hedkwata Da Rassanta

Jama'a, malamai da ɗalibai, galibinmu in mun gama koyon aikin malanta rarraba mu za a yi cikin garuruwa da ƙauyuka. Daga nan takardar canjin wurin aiki, da ta ƙarin girma, da jerin sunayen masu albashi, duk za su riƙa kai da kawowa tsakanin hedkwata da ƙananan ofisoshi. In takarda ɗaya ta ɓace a hanya, malami yana iya yin wata guda babu ko kwabo. Saboda haka na ga ya kyautu in yi ɗan bayani a kan yadda ake shirya wa irin waɗannan takardu hanya ta imel.

Bari mu ɗauki misali na gida. An kafa Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba, 1996, babban birninta Lafiya, ƙananan hukumominta 13. Hukumar ilmin firamare ta jiha, watau SUBEB, a Lafiya take, kowace ƙaramar hukuma kuwa tana da nata ofishin ilmi, tun daga Toto har Awe. To, a ce an ba ka aikin haɗa su duka da imel, ta ina za ka fara?

Da fari ka san uwar garke, watau kwamfutar da ke karɓar wasiƙu ta ajiye. Ita ce gidan waya, adireshin kowane ma'aikaci kuwa akwatinsa ne. Wani Ba'amurke, Ray Tomlinson, shi ya fara aika wasiƙa daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971, shi ya zaɓi alamar @. A 1982 aka tsara ƙa'idar SMTP, wadda ke ɗaukar wasiƙa daga wannan gidan waya zuwa wancan, kamar motar mel. Ta buɗe akwati kuwa iri biyu ce. POP bisa al'ada takan kwashe wasiƙu ta zuba cikin kwamfutar mai karatu, IMAP kuwa takan bar su a uwar garke. Ga rassa IMAP ta fi, don ko an sace kwamfutar ofishin Wamba, wasiƙun suna nan.

Babbar tambaya ita ce: gidan waya nawa za a gina? Ni a ganina ɗaya tak, rassa su riƙa ɗebowa daga gare shi. Dalili kuwa, kowace uwar garke tana bukatar abu uku dare da rana: wutar lantarki, da layin intanet mai ƙarfi, da gwani mai lura da ita. Samun waɗannan a wuri ɗaya ma aiki ne, balle a wuri 14. In wutar AEDC ta ɗauke, sai batura da faifan hasken rana ko janareta su karɓa nan take. Layi kuma a ɗauki biyu daga kamfanoni dabam-dabam. In hukuma ba ta da halin wannan, gara ta yi hayar wuri a cibiyar ajiye bayanai, kamar ta Galaxy Backbone, kamfanin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006.

Sai lissafi. A ce kowane reshe ma'aikata 10 ne, rassa 13 sun ba da 130. A ƙara 70 na hedkwata, akwatuna 200 ke nan. In an ba kowa gigabait 5, ana bukatar gigabait 1,000. Mai hankali sai ya tanadi ninki biyu, gama takardu ba sa raguwa.

Bayan wannan sai suna. Hukumar NiRA ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, ofisoshin gwamnati kuwa .gov.ng suke ɗauka. A ƙarƙashin sunan akan rubuta alamar MX, wadda ke nuna wa duniya inda za a kai wasiƙunku. Akan kuma sa hatimi uku, SPF da DKIM da DMARC, don kada ɗan damfara ya rubuta da sunan hukuma. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan, wasiƙa marar hatimi suna iya mayar da ita. In uwar garke ta tsaya na 'yan sa'o'i kada hankali ya tashi, gama mai aikowa yakan yi ta sake gwadawa har kwana huɗu ko biyar.

Saura abu biyu. Kowane muƙami a ba shi adireshinsa, kamar na sakataren ilmi na Doma, don in an canja wa mutum wuri takardun ofis su tsaya a ofis. Kuma kowane dare a kwafe wasiƙu a ajiye a wani gari, a riƙa gwada maido da su lokaci lokaci. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kowace hukuma alhakin tsare asirin mutanen da take riƙe da bayanansu.

Ku da za ku zama hedimastoci gobe, in an zo da maganar sayen na'ura, ku fara tambaya: wa zai lura da ita, kuma ina kwafin yake? Allah ya sa mu dace, amin.