Zara da Mushtari

Ranar Laraba, 1 ga Maris, 2023, muna fitowa daga sallar magariba sai na tarar da mutum huɗu ko biyar a bakin masallaci sun ɗaga kai suna nuna yamma. Fitilu biyu ne a sama, dab da juna, ɗaya fara tas mai haske kamar an wanke ta, ɗayar kuma ta ɗan dusashe, da alamar rawaya. Wani ya ce jirage ne. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin jirgin da ya tsaya wuri ɗaya ba. Ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma, ya ja hannun rigata ya ce, "Kawu, karo za su yi?"

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Tazarar da ido ke gani tsakaninsu ba ta wuce faɗin wata da yawa ba, amma ɗayan yana can bayan ɗayar da fiye da kilomita miliyan 600. Mai hasken ita ce Zara, na gefenta kuma Mushtari. Yaron ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To wanne ya fi?" A daren ban ba shi amsa ba, domin ni ma tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a rai.

Mukan kira su taurari, alhali duniyoyi ne irin tamu, suna kewaya rana, kuma hasken ranar suke maido mana. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce natsuwar haskensu. Tauraro na gaskiya yana ƙyafta ido, musamman idan ya yi ƙasa-ƙasa. Zara da Mushtari kuwa haskensu a tsaye yake kamar na fitilar da iska ba ta kaɗawa. Bayan wannan, kusan komai nasu ya bambanta.

Zara 'yar gida ce. Sunanta daga Zuhra ta Larabci ya samo asali, amma ya daɗe a bakin Bahaushe har ya sami kirari: Zara matar wata. Duk wanda ya taɓa fita duban jinjirin watan azumi ko na salla a shekarar da take yamma ya san dalili. Wata na kwana biyu ko uku, sai ka gan shi a gefenta kamar ya kawo mata ziyara, washegari ya yi gaba ya bar ta. Kakata takan ce sun yi faɗa ne, wata mai zuwa za su shirya. Idan ka cire rana da wata, babu abin da ya kai ta haske a sararin sama. Ƙurar hunturu kan shafe ƙananan taurari, hayaƙin gari da fitilun titi su ƙarasa sauran, amma ita tana nan. A ƙauyen da babu lantarki, a daren da babu wata, haskenta kan iya fitar da inuwar hannunka a jikin farin bango. Wanda ya san inda zai duba ma yakan gan ta da rana tsaka.

Abubuwa biyu ne suka ba ta wannan haske. Tana kusa, don takan matso mu har kimanin kilomita miliyan 40, babu wata duniya da ke yin haka. Sannan a lulluɓe take da farin gajimare da ke maido kusan kashi uku cikin huɗu na hasken da ya faɗa masa. Girmanta bai kai na duniyarmu ba ma, faɗinta kilomita dubu 12 ne da ɗoriya kaɗan.

Sai dai Zara ba ta hira. Da yake hanyarta tana tsakaninmu da rana, ba ta taɓa yin nesa da ranar fiye da digiri 47, wato wajen taƙi biyu idan ka miƙe hannu sosai ka auna sama. Don haka ba a ganinta da tsakar dare. Mafi daɗewarta awa uku da 'yan mintuna bayan faɗuwar rana, ana gama cin tuwo ana shirin shimfiɗa ta tafi. Takan yi wata takwas zuwa tara tana fitowa da yamma, sai ta nutse cikin hasken rana, bayan kwanaki kaɗan ta ɓullo ta gabas kafin asuba. A nan ne muke canza mata suna mu ce Gamzaki, uban taurari. Girkawan da ma haka suka yi, suna biyu suka ba ta kafin su yarda abu ɗaya ne. Kewayen nan yana cika cikin kwana 584, kuma biyar ɗinsa sun yi daidai da shekara takwas, shi ya sa inda ka gan ta bana, nan za ka same ta a irin wannan wata bayan shekara takwas. Ina son wannan lissafi ƙwarai, don mutum na iya gwada shi da idonsa da kalandar bango kawai.

Mushtari bai sami irin wannan gata ba. Sunansa ya tsaya a hannun malaman hisabi da littattafansu, bai shiga tatsuniya ko kirari yadda Zara ta shiga ba. Mutane da yawa sun sha ganinsa suna cewa Zara ce. Ga wanda ke kallo da ido kawai, ban ga laifinsu ba: tauraro ne mai haske, amma idan aka jera su sai ya zama ƙane. A nan Zara ta yi nasara, babu gardama.

Labari yana juyawa ne ranar da ka sa madubin hangen nesa a ido.

Na fara duban Zara da ƙaramar na'ura cike da ɗoki, abin da na gani kuwa farin ɗigo ne mai kashe ido, babu zane, babu tabo. Gajimarenta ba ya buɗewa. Abu ɗaya take nunawa, kuma ba ƙarami ba ne: tana cika tana raguwa kamar wata. Lokacin da take nesa, ƙwallo ce ƙarama kusan cikakkiya. Tana matsowa tana girma tana sirancewa, har ta koma lauje. A Yulin 2023, cikin damina, na samu sararin gajimare na gan ta haka, siririn jinjiri a cikin madubi, kuma a lokacin ne ta fi haske ga ido. Wannan sauyin kama shi masanin taurari Galileo ya gani a ƙarshen 1610, ya zama hujjarsa cewa rana take kewayawa. Amma sauyi ne na makonni. Wanda ya duba yau ya duba jibi, abu ɗaya zai gani. Abin da ke ƙarƙashin gajimaren kuwa sai dai a ba ka labari: zafin da ya haura digiri 460, wanda kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet ya jure na minti 127 kacal a 1982 kafin ya yi shiru.

Mushtari kuwa gida ne mai iyali. A watan Nuwamban 2023, lokacin da yake fitowa ta gabas da magariba ya kwana a sama har asuba, na hau soro da yaron nan da madubi mai ido biyu, irin mai kusanto abu sau goma. Hannu yana rawa, don haka na ɗora masa pilo a kan katanga ya dafa gwiwar hannunsa. Ya daɗe yana murɗa abin saitawa, yana cewa bai ga komai ba sai fari. Can sai ya daina numfashi. "Kawu, akwai 'yan ƙanana a gefensa. A layi suke." Na ce ya ƙirga. Ya ce uku. Na ba shi littafin rubutu da fensir, ya zana da'ira da ɗigo biyu a hagu, ɗaya a dama, ya sa kwanan wata. Washegari muka koma, ɗigon sun zama huɗu kuma sun sauya wuri. Ya dube ni kamar na yi masa dabo.

Watanninsa ne manya guda huɗu, waɗanda Galileo ya fara hangowa a Padua ta Italiya cikin Janairun 1610, shi ma da zane irin na yaron ya bi sawunsu dare bayan dare. Io, na kusa, yana gama kewaye cikin awa 42. Europa kwana uku da rabi, Ganymede mako guda, Callisto kusan kwana 17. Wani yakan ɓuya a bayan uban, wani ya shiga inuwarsa ya ɓace a kan idonka. Daga jinkirin da ake samu a wannan ɓuya ta Io ne Ole Romer, ɗan ƙasar Danmak, ya gane a 1676 cewa haske ma tafiya yake yi, yana cin lokaci. Hasken Mushtari da ke shiga idonka ya baro can fiye da rabin awa da ta wuce. Idan aka samu na'ura mai ɗan ƙarfi, sai jikinsa ya fito da ratsi biyu masu duhu kamar ɗamara, kuma a dare mai kyau a ga jan tabon nan, guguwar da ta fi duniyarmu faɗi. Mushtari ya ninka duniyarmu sau 11 a faɗi, amma yana juyawa cikin ƙasa da awa goma, don haka fuskar da ya nuna maka bayan isha'i ba ita za ka tarar ƙarfe ɗaya na dare ba.

Akwai kuma abin da ke ƙarfafa mini gwiwa game da shi. A Yulin 2009, wani mai kallon sama don sha'awa a Ostireliya, Anthony Wesley, ya ga baƙin tabo a jikin Mushtari daga bayan gidansa. Ashe wani abu ne ya faɗo masa daga sarari, kuma manyan cibiyoyin bincike sai daga baya suka juya na'urorinsu suka tabbatar. Mu ma a nan muna da rabonmu. A ƙasar Hausa, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, Mushtari yakan hau har kusan tsakar ka, inda iska ta fi siranta kuma hoto ya fi tsayawa, abin da mutanen arewacin Turai ba su cika samu ba.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne. Duk wannan daɗin na Mushtari sai da kayan aiki, madubi kuwa ba kowane gida yake da shi ba, ko na gwanjo kuɗi ne. Zara ba ta neman ko sisi. Mai tallan ƙosai da mai gadi da manomin da ke dawowa daga gona duk nasu ce, kuma ita ce ke sa mutumin da bai taɓa damuwa da sama ba ya tsaya ya ɗaga kai, kamar yadda na gani a bakin masallaci. Ban san mai kallon taurari ko ɗaya ba da bai fara da ita ko da wata ba. Wannan aiki nata ne, Mushtari ba zai iya shi ba.

Duk da haka, idan aka ce in zaɓi ɗaya, Mushtari zan ɗauka. Zara nakan gaishe ta in wuce. Shi kuwa yakan sa in tashi tsakar dare in sake leƙawa, don na san wani abu ya motsa tun bayan da na sauko. Kuma madubi guda ya ishi unguwa, in dai mai shi ba marowaci ba ne. Sharaɗi ɗaya nake kafa wa duk yaron da zai taɓa nawa: kada ya kuskura ya nufi rana da shi, ko tana dab da faɗuwa, don makanta ce nan take. Masu neman Zara da wuri su suka fi shiga wannan haɗari, shi ya sa nake cewa a bari ranar ta ɓace gaba ɗaya tukuna.

Littafin yaron ya kai shafi goma sha ɗaya kafin ƙurar hunturu ta rufe mana sama. A shafin ƙarshe ya rubuta sunayen ɗigon huɗu da kansa, bayan ya lura wanne ne ke saurin komawa wurinsa, wanne ne ke yin nisa ya daɗe. Uku ya dace, ɗaya ya musanya. A ƙasan shafin ya tambaya ina Zara ta shiga, don tun damina bai sake ganinta da yamma ba. Na ce masa ya kwanta da wuri, zan tashe shi kafin kiran assalatu.