Cutar emasi: mu tuna da ƴan'uwan maras lafiya

Jama'ar ƙasar Dakoro, manoma da makiyaya, akwai gidajen da yaro guda yake fama da cutar emasi, wadda ake kira amosanin jini ko sikila. Ciwon ƙashi ya tashi, jini ya ragu, ido ya yi ɗorawa. Hankalin uwa da uba duk yana kansa. To, yayyensa da ƙannensa fa?

Su ma suna ɗauke da kaya. In uwa ta tafi jinya asibitin Dakoro ko ta Maraɗi, babbar ɗiya ce mai daka, ita ce mai zuwa rijiya, ita ce mai goyo. Sau da yawa har a fid da ita daga lakkol. Yaro yana gani an sayar da akuya don magani, sai ya kasa roƙon ko takalmi. Da dare ya ji kukan ƙanensa, tsoro ya kama shi: ko zai mutu? Ko ni ma zan kamu? Wani kuwa kishi yake ji, kunya ta hana shi faɗi.

Iyaye, ku zaunar da su, ku gaya musu gaskiya. Emasi ba sammu ba ce, ba maita ba ce. Ba a ɗaukarta wurin shan fura ƙwarya ɗaya. Gadonta ake yi daga uwa da uba tare. In su biyu suna da jinin AS, kowane ciki kamar a sa tsakuwa 4 ne cikin ƙwarya, 1 baƙa, a ɗauki guda ido rufe. Baƙar ita ce SS. Ba laifin kowa ba ne.

Ku koya musu abin da za su iya: su ba shi ruwa da yawa, su lulluɓe shi lokacin ɗari, su sa shi cikin gidan sauro. In sun ga zazzaɓi ko numfashi da ƙyar, su kira babba a kai shi likita nan da nan.

Ku raba aikin gida. Dangi da maƙwabta su kama, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a raba yarinya da karatunta. Su ma a auna jininsu, kowa ya san irin nasa tun kafin aure.

A shekarar 2010 aka buɗe cibiyar ƙasa ta kula da emasi a Yamai. Ranar 19 ga Yuni kuma duniya tana tunawa da masu wannan cuta. Mu ma a gidajenmu, mu riƙa tambayar mai lafiyar: kai fa, me ke damunka?

Allah ya ba mu lafiya, amin.