Faɗan kyanwoyi a gida: me ke haddasa shi, kuma ta yaya ake kashe shi?

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ake kiwon kyanwa fiye da ɗaya ya san wannan ƙara. Tsakar dare a ji kuka kamar na jariri a kan katanga, sai gurnani, sai kwanoni su zube a madafa. Da safe a tarar ɗaya tana ɗingishi, ko kunnenta a tsage. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki sanda ko a jefa takalmi. Amma duka ba ya kashe wannan faɗa, rura shi yake yi, domin ba mugunta ke kawo shi ba. Tsoro ne, da takara a kan wuri da abinci.

Inda halin ya samo asali

Kyanwar gida, wadda wasu ke kira mage, wasu mussa, jikanyar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kusan shekara 10,000 ke nan da ta fara raɓar mutane: manoma suka tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. Sai dai ba ta bar halin kakanninta ba. Ita kaɗai take farauta, kuma tana da yankin da ta ɗauka nata ne. Da wari take shata iyakarsa: ta goga kumatu a ƙafar kujera, ta karci itace, ko ta fesa fitsari a bango. Kyanwoyin da suka tashi tare, musamman uwa da ƴaƴanta mata, sukan zauna lafiya muddin abinci ya wadata. Baƙuwa kuwa, mai kutse ce har sai an saba da warinta.

Abubuwan da ke tayar da rikici

Na farko shi ne barbara. Kyanwa na balaga tun tana wata biyar zuwa shida, kuma idan mace ta shiga lokacinta, muzuran unguwa duka sai sun hallara. Mafi munin raunuka daga nan suke fitowa.

Na biyu, ƙarancin abin buƙata. A gidaje da yawa, kwano ɗaya ake zuba musu ragowar abinci, mai ƙarfi ta tare, mai rauni ta jira. Haka ma wurin ruwa, wurin kwana da wurin bahaya.

Na uku, huce haushi. Kyanwa ta hango baƙon muzuru a kan katanga, ba ta iya kai masa, sai ta afka wa ƴar uwarta da ke kusa. Wani lokaci kuma an yi wa ɗaya wanka ne ko an kai ta wurin likita, ta dawo da wani wari, ɗayar ta kasa gane ta.

Na huɗu, ciwo. Kyanwar da aka sani da haƙuri, in ta fara faɗa rana ɗaya, a duba lafiyarta kafin a zarge ta.

Wasa ne ko faɗa?

Ba duk kokawa ce faɗa ba. Masu wasa ba sa ihu, ba sa fito da farce, wannan ta kayar yanzu, anjima a kayar da ita, daga baya a gan su kwance wuri ɗaya. A faɗa na gaske kuwa, kunnuwa kan kwanta baya, gashin baya da na wutsiya ya miƙe, ga huci da gurnani. Akwai kuma faɗan shiru, wanda masu gida ba su cika lura da shi ba: ɗaya ta zauna bakin ƙofa ta zuba wa ɗayar ido, ta hana ta wucewa. Wadda ake zalunta sai ta riƙa ɓoyewa, ta rame, ta koma yin fitsari inda ba ta saba ba.

Abin yi

Idan faɗa ya kaure, kada a sa hannu, kuma a janye yara. A tafa da ƙarfi, ko a sa kwali ko faifai tsakaninsu, sannan a rufe kowace a wuri dabam har ta huce, ko da zai ɗauki yini guda.

Bayan haka sai a gyara zaman gidan. Kowace kyanwa da kwanonta, nesa da na ƴar uwarta, inda ba sa ganin juna. Idan a ɗaki suke kwana, masana na ba da shawarar kowace ta sami tasar yashinta ta bahaya, a ƙara ɗaya a kai. A bar musu wurin hawa da wurin ɓuya, domin wadda ke da hanyar gudu ba ta cika tsayawa faɗa ba.

Sabuwar kyanwa kuma ba a sakinta cikin gida rana ɗaya. A ware mata ɗaki na wasu kwanaki, a riƙa musanya tsumman da suke kwanciya a kai don su san warin juna, a ba su abinci kowace a gefenta na ƙofa a rufe. Sai sun daina huci a bar su su ga juna. Abin na iya ɗaukar makonni. Muzuru kuwa, fiɗiya a hannun likitan dabbobi na rage masa yawo da faɗa sosai.

Cizo ba abin rainawa ba ne

Haƙorin kyanwa siriri ne, yana huda fata ya bar ƙwayoyin cuta a ciki, bakin ciwon ya rufe. Bayan kwana biyu ko uku sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. A kai ta wurin likitan dabbobi, kuma kada a kuskura a ba ta farasitamol, guba ce gare ta.

Ga mutum kuwa, babban haɗari shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Karnuka ne suka fi yaɗa shi, amma kyanwa ma na ɗauka ta kuma yaɗa. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira alama, domin in ta bayyana magani ya ƙare. Allurar rigakafi ga kyanwa, daga wata uku da haihuwa, kariya ce ga duk mutanen gidan.

Idan an yi duk wannan amma jini bai daina zuba ba, a nema wa ɗaya gidan da za a riƙe ta da kyau. Ya fi a kai ta bayan gari a yar, inda yunwa da karnuka ke jiranta.