Masanin Guba, Mai Bin Sawun Dalma

A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar ana binne ƙananan yara ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro ya fara amai, ya kama jijjiga, sai rai ya yi halinsa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, bai ci ba. Sai da aka aika jini Turai aka gano gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu.

A irin wannan wuri ne ake neman masanin guba. Likita jikin yaron yake dubawa, shi kuwa sai ya gano ta ina gubar ta shiga, nawa ta shiga, kuma wa ke kan hanyarta gobe. A ƙauyukan Dareta da Abare da 'Yargalma, sawun ya kai masana har tsakar gida. Zinariya ta yi tsada, magidanta suna kawo duwatsu daga rami, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, ana daka su a turmi, ana shanyawa inda yara ke rarrafe. Duwatsun kuwa cike suke da dalma.

Kayan aikin masanin ba su da yawa. Akwai na'urar XRF da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke cikinta, da ƙaramin injin auna jini wanda iyakar karatunsa maikirogiram 65 ne, kuma yara da dama sun zarce wannan iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana cewa daga 5 a fara neman tushen gubar.

Ɓangaren sana'ar da ya fi nauyi a ganina shi ne na yaran da suka rayu. Hanjin yaro ya fi na babba tsotsar dalma, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa. Dalma takan kwanta a ƙashi shekaru, ta tashi lokacin goyon ciki, ta ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Herbert Needleman na Amurka ya nuna a 1979, ta hanyar auna haƙoran da yara suka famfare, cewa ko wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba tana rage masa kaifin basira. Wannan asara ba ta da makoki, sai a aji take bayyana, a ce yaron daƙiƙi ne.

Shi ya sa masana suka dage sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa kafin a ba da maganin DMSA mai fitar da dalma, don yaron da ya koma cikin ƙurar zai sake kwasa. Ƙauyen Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, ya jira har 2013 kafin gwamnati ta saki kuɗin aikin. A 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja.

Mai son sana'ar yakan faro daga kimiyyar sinadarai, ko haɗa magunguna, ko likitanci, sannan ya ƙware, kamar Farfesa Orish Orisakwe na Jami'ar Fatakwal. Amma karatu kaɗai bai isa ba. Dole ya iya zama da mai gari da mahaƙa da matan kulle, ya gamsar da su a fitar da niƙa bayan gari ba tare da ya ce su bar abincinsu ba. Daga Zamfara har tsakiyar Togo, wajen Sokode da Blitta, ana haƙar zinariya da hannu, kuma masu auna jinin 'ya'yan mahaƙan sun yi kaɗan.